Daga Sochaux zuwa Colmar: tafiyar mai neman rulmar pon

A gabashin ƙasar Faransa, inda iyakarta ta kusanci ta Suwis da ta Jamus, akwai wani zirin ƙasa da ke kwance tsakanin duwatsun Jura da na Vosges, ya miƙe har kwarin kogin Rhin. Daga garin Sochaux, wanda ake faɗa Sosho, zuwa birnin Colmar kimanin kilomita 100 ne, wato bai kai tazarar Maraɗi zuwa Tasawa ba. Direba mai hanzari yakan shafe shi cikin awa guda da ƴan mintoci. Amma akwai wani irin matafiyi da kan kwashe mako guda cur bisa wannan hanya, yana tsayawa gari gari da ɗan ƙunshin ƙarfe cikin tsumma mai maiƙo. Shi ne mai tsohuwar motar tsere wadda pon ɗinta ya fara kuka, ya fito neman rulma, abin nan da makanikan Kano ke kira boris.

Motar da ake magana

Babu ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati a Nijar da za a tsaya yi ma bayanin Peugeot 504. An fito da ita cikin shekarar 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ta yi taksi, ta yi motar ofis, ta yi familiyal mai ɗaukar fasinja tsakanin Yamai da Damagaram, ta yi bashe mai ɗaukar buhunan gero da albasa. Sai dai tana da wata ƴar'uwa da ba kowa ya taɓa gani ba, mai ƙofa biyu, gajera, mai kwantaccen gaba, wadda ake kira 504 Coupé. An baje ta karon farko a kasuwar nunin motoci ta Janeba cikin watan Maris na 1969, tare da tagwaitarta mai buɗaɗɗen sama. Kamfanin Pininfarina na birnin Turin a Italiya shi ya zana jikinta kuma shi ke ƙera shi, sannan a kawo shi Sochaux a ɗora inji da ƙafafu. An rage mata santimita 19 tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Daga 1974 aka fara sa mata inji mai silinda shida.

Ita ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1978 a hannun direban nan Jean-Pierre Nicolas, ta kuma lashe na Kodebuwa cikin wannan shekara. An daina yin ta a 1983, bayan an ƙera kimanin dubu 26 masu rufi da dubu 8 marasa rufi, alhali 504 gaba ɗaya, duk ire-irenta, ta haura miliyan 3. Ƙarancin nan ya sa yau ta zama abin ajiya. Dokar Faransa ta yarda a ba motar da ta kai shekara 30 kart giriz ta musamman ta motocin tarihi, a riƙa yi mata bizit teknik sau ɗaya cikin shekara biyar. Takarda dai ana samunta a ofis. Abin da ba a samu a ofis shi ne piyes.

Abin da ke cikin pon

Idan mota ta sha kwana, ƙafar da ke waje tana cin ƙasa fiye da ta ciki. Tsakanin ƙafafun baya na 504 akwai kusan mita 1,4, saboda haka a kwanar mararraba guda ta waje sai ta ƙara fiye da mita 2 bisa ta ciki. Da a ce sanda guda ta haɗe su, da ɗaya ta yi ta jan ƙasa har taya ta ƙare. Wani maƙerin agogo Bafaranshe mai suna Onésiphore Pecqueur shi ya yi rajistar maganin wannan matsala a ƙarshen shekarun 1820: wasu ƙananan haƙora cikin kwanso, masu raba ƙarfin inji tsakanin ƙafa biyu, su bar kowace ta juya gwargwadon tafiyarta.

Ƙarfin yana zuwa daga buwat ta doguwar sanda, ya shiga wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ake kira piyon, shi kuma ya juya babban faifai mai haƙora da ake kira kuron. Piyon yana zaune bisa rulma biyu, kwanson da ke ɗauke da kuron shi ma bisa biyu. Huɗun nan su ke riƙe da haƙoran a mazauninsu. Kafin ƙafa ta juya sau ɗaya piyon ya juya kusan sau huɗu, ke nan idan motar tana gudun kilomita 100 a awa, rulmar piyon tana juyawa fiye da sau dubu 3 kowane minti, tana ɗauke da nauyin turawar inji gaba ɗaya.

Idan ta fara gajiya takan yi magana. Da fari wani ɗan gurnani ne daga baya, mai ƙaruwa da gudu, mai sauya murya idan an taka mai ko an saki. Daga nan sai a ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe cikin mai ranar bidanji. Wanda ya toshe kunne, rulma ta yi sako-sako, haƙoran piyon da na kuron sai su bar mazauninsu su cinye juna. A nan ne asarar take, domin su biyun tare ake ƙera su, tare ake goge su, tare ake canza su, kuma na irin wannan mota sun fi rulma wuyar samu nesa ba kusa ba. Wani lokaci ma pon yakan ƙulle ana tsakar gudu, ƙafafun baya su tsaya cak. Rai ke nan a bakin ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba.

Sochaux, garin zaki

Mai nema yakan fara da inda aka haifi motar. Sochaux ƙaramin gari ne cikin jihar Doubs, mutanensa kimanin dubu 4, yana manne da Montbéliard har baƙo ba ya gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Ƙasar mai sanyi ce da yawan ruwa, hazo kan kwanta bisa kogin Allan da safe, tuddai kuwa sun cika da itatuwa da shanun nan ja da fari da suka ɗauki sunan Montbéliard. Har zuwa 1793 yankin yana ƙarƙashin sarakunan Wurtemberg na Jamus, shi ya sa mafi yawan tsofaffin gidajensa mabiya ɗarikar Luther ne, mutane masu tsimi da son aikin hannu. Daga cikinsu gidan Peugeot ya fito.

A 1810 ƴan gidan suka mayar da injin niƙan gadonsu da ke Hérimoncourt maƙerar ƙarfe. Zarto suka fara yi, da ƴan ƙarafan agogo, daga baya injin niƙa kafe, da na barkono, da kekuna. Zakin da ke gaban kowace Peugeot bisa zarto ya fara hawa, aka yi mashi rajista a 1858, don a nuna kaifin haƙora da ƙarfin ƙarfe. Masana'antar Sochaux kuwa an kafa ta a 1912. Ta yi ta cin gonaki da fadamu har a ƙarshen shekarun 1980 aka kauda kogin Allan daga hanyarsa don a ƙara mata fili. A ƙarshen shekarun 1970 ma'aikatanta sun kai dubu 40, sun ninka mutanen garin nesa ba kusa ba. Tun da asuba manyan motoci ke bin ƙauyuka suna kwaso su, ga kuma waɗanda aka ɗauko daga Maroko da Aljeriya da Turkiyya da Yugoslabiya. Ranar 11 ga Yuni 1968, lokacin babban yajin aiki, ma'aikata biyu suka rasa rayukansu a arangama da ƴan sanda a bakin masana'antar. Yajin nan ne ya jinkirta fitowar 504 har zuwa Satumba.

Yau ma'aikatan ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan adadi ba. Tun Janairun 2021 Peugeot ta shiga cikin babban kamfanin Stellantis tare da Fiat da Citroën da Chrysler. An rushe wasu rumfunan, an sayar da wasu filayen. Ƙungiyar ƙwallon garin, wadda gidan Peugeot ya kafa a 1928, ita ma an sayar da ita a 2015. Tsofaffin da suka ɗaura pon na 504 da hannunsu sun yi ritaya, da yawa sun riga mu gidan gaskiya, kuma abin da suka sani bai shiga takarda duka ba.

Abin da ya rage ma mai nema shi ne gidan tarihi na L'Aventure Peugeot, wanda aka buɗe a 1988. A ciki zai ratsa zaruttuka da kekunan ɗinki da kekunan hawa kafin ya kai ga motoci. Ɗan Nijar da ya shiga zai tsaya gaban 205 da 405 na tseren Paris-Dakar, waɗanda suka ci gasar shekara huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, zamanin da ƙurarsu ke tashi a Tenere da Agadas. Ƙungiyar da ke riƙe da gidan tana da sashen piyes na tsofaffin motoci, tana tattara ragowar kaya, tana kuma sa a sake ƙera waɗansu idan masu buƙata sun yi yawa. A Hérimoncourt, wurin da ake kira Terre Blanche, akwai ma'ajiyar takardun kamfanin, inda zanen injiniyoyi da kundayen piyes ke jere. Sau da yawa abin da mai nema kan fita da shi daga nan lamba ce kawai a rubuce, lambar da Peugeot ta ba rulmar cikin kundinta. Ba ƙaramin abu ba ne, amma lamba ba ta juya ƙafa.

Da lambar a hannu yakan tambayi dilan kamfanin, shi kuma ya duba kwamfuta ya tambayi Vesoul, wani gari mai tazarar kilomita 60 da ƴan kai yamma da Sochaux, inda babbar ma'ajiyar piyes ta kamfanin take, wadda daga cikinta ake aika kaya ƙasashen duniya. Bisa al'ada masu ƙera mota sukan ajiye piyes kimanin shekara goma bayan sun daina yin mota. Ga wadda aka daina tun 1983, amsar da kan fito a allon kwamfuta ita ce an daina kawowa.

Belfort da Mulhouse

Daga nan sai a kama babbar hanya mai lamba A36 a yi arewa maso gabas. Cikin minti ashirin an iso Belfort, garin da ke tsare da mashigin da ke tsakanin duwatsun biyu, mashigin da rundunoni suka sha bi tun zamanin da. A yaƙin 1870 sojan Jamus sun kewaye shi kwana 103 bai miƙa wuya ba. Don tunawa da haka aka sassaƙa wani zaki na jan dutse a gindin ganuwar garin, tsawonsa mita 22, tsayinsa mita 11, aka gama shi a 1880. Baƙi da yawa na zaton daga gare shi Peugeot ta ɗauki tambarinta, alhali zakin zarto ya girme shi da fiye da shekara ashirin.

Mulhouse, wanda ake faɗa Muluz, birnin masaƙu ne tun asali. A nan wasu ƴan'uwa biyu masu masana'antun ulu, Hans da Fritz Schlumpf, suka shiga sayen tsofaffin motoci a ɓoye cikin shekarun 1960. Fritz ya taɓa sayen Bugatti 30 a tashi ɗaya daga hannun wani Ba'amurke. Suka ware wata rumfar masaƙa, suka ɗauki makanikai da masu fenti da masu ɗinkin kujeru, aka yi ta gyara ƙofa a rufe. A 1976 kasuwar ulu ta karye, masana'antun suka durƙushe, aka sallami ma'aikata. Cikin Maris 1977 ma'aikatan suka kutsa rumfar, suka tarar da ɗaruruwan motoci jere ƙarƙashin fitilu irin na gadar Alexandre III ta Paris. Ƴan'uwan sun tsere Suwis. Ma'aikata suka riƙe wurin kusan shekara biyu suna nuna ma jama'a inda guminsu ya tafi. Gwamnati ta sa motocin cikin kayan tarihin ƙasa a 1978 don kada a watsar da su, aka buɗe gidan ga kowa a 1982. Akwai motoci fiye da 400 a ciki, har da biyu daga cikin Bugatti Royale shida da aka taɓa ƙerawa.

Ɗan kasuwa zai karanta labarin Schlumpf ya ga abin da ke faruwa idan maigida ya zuba jarin sana'a cikin abin sha'awa. Mai neman rulma kuwa wani darasi yake ɗauka. Ga motocin da ke wannan gida, kusan duk abin da ya lalace sai an ƙera shi sabo da hannu, domin babu shagon da ke da shi a duniya. Amma ko a zamaninsu mafi yawan masu ƙera mota ba su yin rulma da kansu, saye suke daga masu sana'arta. Ke nan wanda ya rasa ta a gidan mai mota, sai ya nufi gidan mai rulma.

Colmar, inda ake karanta lamba

Kilomita 45 arewa da Mulhouse, bisa hanyar A35, gonakin inabi na hagu a gindin Vosges, gonakin masara na dama har bakin Rhin, sai ga Colmar. Masu yawon buɗe ido suna zuwa don tsofaffin gidajensa na katako masu launi da ƴan magudanan ruwa da ke ratsa unguwanni. A nan aka haifi Bartholdi a 1834, wanda ya sassaƙa zakin Belfort da kuma mutum-mutumin ƴanci na birnin New York, shi ya sa aka kafa kwafinsa mai mita 12 a wani shataletale na shigar gari a 2004. Mai nema ba ya daɗewa a tsakiyar gari. Unguwar masana'antu yake nufa, domin tun ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Timken na Amurka ya kafa masana'antarsa a Colmar, garin ya zama sananne ga masu harkar rulma.

Henry Timken haifaffen Jamus ne, maƙerin keken doki a birnin Saint Louis na Amurka. A 1898 ya yi rajistar irin rulmar da ake sa ma pon har yau. Maimakon ƙwallaye, ƴan sanduna ne masu kai ɗaya siriri ɗaya kauri, jere cikin keji tsakanin zoben ciki da na waje, su ma a karkace. Hikimar ita ce, da za a ja layin karkatar kowane ɗaya, duk a wuri guda za su haɗu bisa tsakiyar sandar da ke juyawa, saboda haka gangarawa suke, ba su gogayya. Irin wannan rulma tana ɗaukar nauyin da ke danno ta daga sama da wanda ke turo ta daga gefe, kuma haƙoran piyon, da yake a murɗe suke, kullum ƙoƙarin tura shi gaba ko baya suke yi. Sauran manyan gidajen sana'ar su ne SKF ta Suwidin, wadda aka kafa a 1907, da FAG ta Schweinfurt a Jamus, da SNR ta Annecy a Faransa, wadda daga baya kamfanin NTN na Japan ya saye. Darajar wannan ɗan ƙarfe ta kai a 1943 jiragen yaƙin Amurka suka kai ma Schweinfurt hari sau biyu, cikin Agusta da Oktoba, da nufin idan rulma ta yanke ma Jamus, tankoki da jirage su tsaya.

Masana'anta ba ta sayar da guda huɗu ga mai wucewa. Wurin dilan kayan masana'antu ake zuwa, irin shagon da ke sayar ma masu injin niƙa da masu tarakta. A nan ne tsumman nan mai maiƙo ke amfani. Mai shago ba ya tambayar sunan mota. Yakan goge gefen zoben ya karanta abin da maƙerinta ya buga a jiki, domin girman rulma yana bin ƙa'idar duniya, kowane gida da irin lambar da ɗan'uwansa zai gane. A tsarin milimita, lambobi biyu na ƙarshe idan aka ninka su sau biyar su ne faɗin ramin ciki: 30206 raminta milimita 30, faɗinta na waje 62, 30207 raminta 35, na waje 72. Ƙanana ne kawai suka fita daga wannan lissafi, kamar 6203 da masu gyaran babur suka sani, mai rami milimita 17. A tsarin inci na Amurka kuwa zoben ciki da lambarsa, na waje da tasa, dole a kawo duka biyun. Idan tsatsa ko zafi sun cinye rubutun, sai a koma ga awo uku: rami, faɗin waje, da kauri, a duba kundi.

Mai rabo a nan tafiyarsa ke ƙarewa, ya biya kuɗin da bai kai na taya guda ba. Amma masu ƙera mota sukan sa a yi masu wata rulma ta musamman, mai kauri ko karkata da ba ta cikin kundin kowa, musamman ta piyon. Idan aka faɗa bisa irin wannan, mai shago sai ya girgiza kai. Wadda ta yi kusa ba ta isa ba. Kama da wane ba ta wane, bambancin rabin milimita ya isa ya kashe kuron.

Kasuwar tsofaffin kaya

Sauran hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce kasuwannin musayar piyes da ake ci a ƙarshen mako cikin garuruwan Faransa, manyansu Rétromobile ta Paris, wadda aka fara a 1976, da Époqu'Auto ta Lyon cikin watan Nuwamba. Wanda ya san Katako ta Yamai ko Ƙofar Ruwa ta Kano ba zai yi baƙunta ba: tebura ne da akwatuna, fitilu da karbirato da tambura a zube, ciniki da tayi da albarka. Abin da ake farauta shi ne ragowar kayan tsofaffin garaji da aka rufe, sabuwar rulma cikin kwalinta na shekara arba'in. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe takardar an duba, domin man da aka shafe ta da shi yakan bushe, raɓa ta shiga, tsatsa ta yi ɗigo bisa hanyar sandunan. Mai ɗigo guda ta tashi daga aiki.

Ta biyu ita ce ƙungiyoyin masu irin motar, waɗanda kan haɗa kuɗi su sa a ƙera masu adadi mai yawa a tashi ɗaya. Ta uku ita ce intanet, kuma nan ne tarkon yake. Jabun rulma sun cika duniya, da kwali da tambari da lamba tamkar na gaske. Ta ƙwarai ana yin ta da ƙarfe na musamman mai kimanin kashi 1 cikin 100 na gawayi da 1,5 na kurom, a gasa shi, a goge shi da awon da ido ba ya gani. Ta jabu ƙarfe ne mai taushi da aka wanke ma fuska, wani lokaci ma tsohuwa ce aka goge aka sake ma kwali. Manyan gidajen sun haɗu cikin ƙungiyar duniya ta masu ƙera rulma suna yaƙi da wannan, har sun fito da manhajar waya ta tantance lambar kwali. Araha ba ta ado, kuma wannan magana ta shafi mai shago a Maraɗi kamar yadda ta shafi mai Coupé a Alsace, domin kwalayen daga tushe guda suke fitowa.

Akwai kuma abin da tsofaffin makanikan yankin kan faɗa cikin raha, cewa wanda ke son piyes na 504 ya bi sawun motocin. Cikin shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sun yi ta sayen tsofaffin 404 da 504, su sa su jirgin ruwa a Marseille zuwa Aljeriya, su bi ta Tamanrasset da In Guezzam da Assamaka zuwa Arlit da Agadas, su sayar a Nijar ko gaba da ita, su koma gida ta jirgin sama. Waɗanda rairayin Lawni ya cinye gawarwakinsu sun daɗe a bakin hanya. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar suka rufe wannan hanya a farkon shekarun 1990, fataucin ya koma tashoshin Kwatano da Lome. Ban da haka masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa 504 har 2006, shekara 23 bayan Coupé ta ƙare. Saboda haka abin da ya zama gwal a Sochaux yana iya kasancewa cikin kwandon wani mai tsofaffin ƙarafa a Panteka. Sai dai a lura: pon na familiyal da na bashe doguwar sanda ce guda daga ƙafa zuwa ƙafa, na Coupé kuwa a ɗaure yake da jikin mota, kowace ƙafa da nata hannu, kamar na yawancin masu ƙofa huɗu na Turai. Yawan haƙora ma ya bambanta daga iri zuwa iri. Sai an buɗe an ƙirga an auna.

Ranar ɗaurawa

Samun rulma rabin aiki ne. Makanikin kirki ba ya kusantarta da guduma. Da matsi ake cire tsohuwa, sabuwa kuma a ɗumama zobenta kaɗan ya buɗe, ta zauna da kanta. Sannan a shiga awo da ƴan siraran faranti na ƙarfe da ake sakawa bayan zobe, wasu ba su kai kaurin takarda biyu ba. Da su ake tsayar da zurfin piyon cikin kuron, da su ake ba rulma ɗan matsin da take bukata, domin mai sako-sako takan yi rawa, wadda aka matse da yawa kuma takan yi zafi ta ƙone. Tsakanin haƙori da haƙori ana barin wasa na kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita, ana duba shi da agogon awo. Daga ƙarshe a shafa shuɗin fenti bisa haƙoran kuron, a juya, a ga inda piyon ya taka: idan sawun yana tsakiya aiki ya yi, idan ya faɗa baki a sake kwancewa. Wannan kan ci yini guda ga wanda ya iya. A zuba sabon mai irin na pon mai jure matsi, a canza robobin da ke hana shi zuba, domin yoyon mai shi ne farkon mutuwar mafi yawan rulma.

Masu irin wannan mota a yankin sukan gwada aikin bisa hanyar Ballon d'Alsace, dutsen da ke arewa da Belfort, mai tsayin mita 1.247, wanda masu tseren keke na Tour de France suka fara hawa a 1905. Kwana ce bayan kwana cikin dajin itatuwa masu duhu, hawa da gangara, inda pon ke aiki ba hutu. Direba yakan kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya taka mai ya saki yana kasa kunne. A ƙwanƙolin dutsen sai ya tsaya ya ɗora hannu bisa kwanson: idan ɗumi ne da hannu ke jurewa, to, an dace. Idan gari ya yi garau, daga nan ana hango duwatsun Alpes na Suwis da farin ƙanƙararsu.

Tsohuwar rulmar kuwa ba a jefar da ita. Akan wanke ta, a rubuta lambarta da awonta cikin littafin motar tare da sunan shagon da takardar sayen, a ajiye ma wanda zai gaji motar. Mai bashe da ke bin hanyar Dakwaro ko ta Ƙonni, da ma'aikacin da aka damƙa ma motocin ofis, ba su rasa abin ɗauka cikin wannan ɗabi'a ba. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya.